Na Je Paraku Ɗauko Ɗana Daga Hannun Mahauta

Tun da na dawo ba a bar ni na yi ɗinki ba. Kowa ya zo bakin shago sai ya zauna kan bencin nan, ya ce, "To Hamidu, yaya ƙasar Dahome?" Na gaya muku sun canja suna, yanzu Benin suke cewa, ba ku ji. Kuma na san ba ƙasar ce ta dame ku ba. Abin da kuke so ku ji shi ne yadda na bar Dogon Dutsi da rantsuwa a bakina, na dawo ni kaɗai. Na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta da ɗan bokon da na samu a yaƙi da jahilci. Wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in taka kekena.

Kun san ɗana na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Da ya gama lakwal, wato makarantar boko, a nan, Alhaji Sidi na Jugu, wanda ya yi shekara ashirin yana sauka gidana in ya kawo goro, shi ya nemo masa wuri a wata makarantar koyon aikin likitan dabbobi kusa da Paraku. Shekara biyu da wani abu yana can. Wasiƙarsa kullum ɗaya ce: lafiya lau, karatu na tafiya, a gai da Inna.

Sai ran nan Na-Allah direba, mai kai albasa Paraku ya ɗauko kayan jirgin ƙasa, ya tsaya a majalisarmu. Kuna wurin. Bai ja ni gefe ba, a gabanku ya ce, "Malam Hamidu, na ga yaronka a kwata da asuba. Wuƙa a hannu, jini har gwiwar hannu, cikin mahauta."

Ɗan Ladi, da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce, "Ashe lakwal ɗin fawa aka kai shi. Da ka faɗa ai da mun miƙa shi ga Sarkin Fawanmu, ba sai an ƙetare ruwa ba."

Kuka yi dariya. Kada wani ya ce bai yi ba, na ga haƙoran kowa.

Ban raina sana'ar kowa ba, haka nake cewa a lokacin. Amma kakana malami ne, ubana ya yi fatauci, ni tela ne, kuma babu wanda ya taɓa riƙe wuƙar fawa a gidanmu. Na tashi na ce wallahi ba zan sake taka garin nan ba sai da shi a gabana. Da na shiga gida uwarsa ta ce, "Malam, saura wata biyar fa ya gama." Na ce ko saura kwana biyar ne.

Motar Na-Allah na shiga, gaba, tsakaninsa da ƙofa da ba ta rufuwa sai da igiya. Farkon damina ne. Muka bi Dosso muka sauka Gaya, warin albasa ya shiga rigata har yau bai gama fita ba. Ba ni da abin faɗa game da hanyar, kun san ta. Abin faɗa ya fara ne da muka hau gada muka ƙetare kogi zuwa Malanbil.

Can tutarsu kore ce da jan tauraro a kusurwa, kuma ko'ina an manna ta. Wani jandarma da bai kai sa'ar ƙanen ɗana ba ya karɓi takardata, ya dube ni da furfurata ya ce, "Kamarad, zo nan." Na waiga ina neman Kamarad. Na-Allah ya ce ai ni ake nufi, a ƙasar nan babu malam babu alhaji a bakin hukuma, kowa kamarad ne, wai aboki. Na ce yaushe muka yi abota da shi? Ya ce in yi shiru.

Jandarman yana jin Hausa irin ta kasuwa. Ya ce ina za ni. Na ce Paraku. Wurin wa? Na ce wurin yarona. Ya ɗauki alƙalami ya ce sunansa.

Na ce, "Ɗan lakwal ne."

Ya ce, "Suna."

Na ce, "Yana makarantar dabbobi. Dogo ne, baƙi."

Ya ajiye alƙalamin. Ya ce mutum bai san sunan ɗansa ba amma zai shiga ƙasar mutane? Ya kira wani babbansu. Suka fara magana da Faransanci suna dubana, na ji ana ambaton 'yan leƙen asiri, don ƙasar a firgice take da baƙi. Aka zazzage jakata, aka sami almakashi da tef ɗin awo, waɗanda ba na rabuwa da su. Wannan ma ya zama abin tambaya. Sai da Na-Allah ya dawo daga wurin 'yan dwan, masu binciken kaya, ya ga an zaunar da ni a ƙasa. Ya ce, "Kai, ɗan fari ne. Bahaushe ba ya faɗin sunan ɗan fari. Issufu sunansa, Issufu Hamidu." Babban ya yi ta dariya, ya ce su ma tsofaffinsu suna da irin wannan, amma juyin juya hali zai gyara mu duka. Ya buga mini hatimi. Na ce a zuciyata, sai ka fara gyara bakin yaronka.

A Kandi muka kwana a tasha. Da safe na ɗauki buta zan nemi ruwa, sai na ga gari ya sandare. Mai keke ya sauka, mai talla ta tsaya da tire a ka, har wani mai tura baro ya ƙame. Na ɗauka gawa za ta wuce, na duba ban ga makara ba, na ci gaba da tafiyata. Sai usur. Ashe tuta ake ɗagawa a wani ofishi, kuma duk wanda idonsa ya kai dole ya tsaya. Aka tsayar da ni gaban mutane da buta a hannu. Wani ya ɗaga murya ya faɗi wata magana, jama'a suka amsa gaba ɗaya. Ya matso ya faɗa mini ni kaɗai don in amsa. Ban san me ake cewa ba, na ce amin. Wata tsohuwa mai ƙosai ta yi dariya har ta saki matsami, suka sallame ni. Ita ce ta ba ni ruwan, ta ƙara mini da ƙosai, ta ce baƙo ba ya laifi sau ɗaya.

Daga nan gero ya ƙare, doya ta karɓi mulki. Mutanen nan doya suke ci safe da rana da maraice. A Ndali aka kawo mini sakwara mai santsi da miyar gyaɗa, da wani jan cuku na Fulani da suke kira wagasi. Ba zan yi ƙarya ba, ran farko na ci har na lashe hannu. Rana ta uku kuwa da za a ba ni fura ko ta kwana ce da na yi godiya. Nama sai ɗan yanki kamar maɓallin riga. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Paraku gari ne na motoci. Nan jirgin ƙasa yake ƙarewa, daga nan sai kamiyo, wato manyan motocin kaya, shi ya sa ko'ina ka juya sai ka ji Hausa, ta Maraɗi da ta Sakkwato da ta Kano, kowa da tasa. Mata suna tuƙa babur da goyo a baya. Ana sayar da giyar dawa a ƙwarya a fili, kusa da mai sayar da tasbaha, ba wanda ya kula da wani. Na-Allah ya sauke ni gidan wani mai masaukin direbobi a Lajifarani, aka kai ni wurin delege, wato mai unguwar da gwamnati ta naɗa, don a rubuta cewa baƙo ya kwana. Wannan karon Na-Allah ya riga ni faɗin sunan. Da yamma na ga 'yan lakwal sun jeru da fartanya a kafaɗa suna waƙa. Aka ce mini kowace makaranta tana da gonarta, doka ce, ɗalibi ya yi karatu ya yi noma. Na ce ashe ƙasar ce gaba ɗaya ta mai da 'ya'yan mutane lebura. Hakan ya ƙara mini ƙarfin zuciya.

Da na sallame sallar asuba na sa aka nuna mini kwata. Ba sai na kwatanta muku ba, ƙuda da ungulu iri ɗaya ne ko'ina. Ban sha wahalar gane shi ba, don rigar da ke jikinsa ni na ɗinka ta, shuɗiya mai aiki a wuya, wadda na kwana biyu a kanta da zai tafi. Ta zama ruwan ƙasa. Yana sunkuye kan wata hanta a bisa tebur, yana tsaga ta a hankali yana matsawa da yatsa, mahauta biyu tsaye suna jiran abin da zai ce. Ya yanke wani gefe ya jefa a bokiti, ya ce sauran ta yi. Sai ya ɗago.

Ya ajiye wuƙar ya zo ya durƙusa. Bai miƙo hannu ba, ya ɓoye su a baya.

"Baba, sannu da zuwa. Lafiya? Ya Inna?"

Na ce, "Wanke hannunka ka tattara kayanka."

Ya ce, "To, Baba." Bai yi gardama ba, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Abin da ya roƙa kawai shi ne, gobe makaranta za ta kai su kasuwar shanu ta Kolokonde, bayan Jugu, an riga an rubuta sunansa. In na yarda mu tafi tare, ya yi sallama da Alhaji Sidi, daga can mu kama hanyar gida. Wannan ba ni da yadda zan ƙi. Mutumin da ya samo wurin, a zare yaro ba a gaya masa ba, ba a yi haka ba.

Duk abin nan Sarkin Fawa yana zaune kan turmi yana kallonmu. Garba sunansa, Bagobiri, ya fi ni shekaru, ya yi talatin a Paraku. Ya ce, "Tela, zo ka karya." Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Ba ka ƙoshi ba, ƙyama kake. Naman da ka ci da Sallah mala'iku ne suka feɗe maka?"

Na zauna. Mutum ya faɗa maka gaskiya tsirara haka, in ka tafi ka tabbatar masa.

Ya ce yaron ya zo masa ne tun watansa na biyu, da littafi a hannu, da zanen hanta a ciki mai launi. "Ya ce a makaranta saniya ɗaya ake yanka musu a shekara, su arba'in su kewaye ta. Ya ce in bar shi ya riƙa zuwa kafin lokacin aji. Na ce nan ba a kallo, wanda ya shigo aiki yake. Na ba shi wankin hanji ina jiran ya gudu cikin kwana uku. Wata shida ya yi yana wankin hanji, Tela. Sannan fiɗa. Yanzu in malamin duba nama na gwamnati ya makara, cewa yake Issufu ya fara. Ina ba shi hakkinsa kamar kowane yaro nawa, ba kyauta yake yi ba." Ya naɗe hannun riga ya nuna mini wani baƙin tabo mai zurfi a damtsensa, kamar an ɗora garwashi. "Wannan ma na koya masa. Ciwon saifa ne. Sa na feɗe ina saurayi, mu huɗu. Ni kaɗai na rage."

Na ce Allah ya kyauta, amma ni na rantse. Ya ce, "To. Ɗanka ne." Ya sa aka ƙunsa mini kilishi. Ban karɓa ba, sai daga baya na tarar da shi a jakata.

Washegari muka shiga motar makaranta, buɗaɗɗiya, ni da shi da ɗalibai uku a baya, malaminsu a gaba. Mutumin kudu ne mai tabarau, suna ce masa Kamarad Mushe, wato malam da Faransanci, ba ya jin Hausa ko ta zo in kashe ka. Ya girmama ni dai, ya ce in shiga gaba, na ƙi. Kusa da Partago motar ta kafe a laka. Mushe ya fito yana ba da umurni, ɗalibai ukun suka tsaya suna duban takalmansu. Yarona ya cire nasa ya shiga. Ganin haka ni ma na tattare riga, muka tura tare. Tayar ta watsa mini laka har cikin kunne.

Jugu, da mutanenta suke ce wa Zugu, tsohon garin fatake ne. Gidan Alhaji Sidi yana cikin unguwar da kakanninsa suka sauke jakai suka zauna. Hausarsu ta sha Dendi, sai su fara magana da Hausa su ƙare da Faransanci, amma gaisuwa tana nan yadda kakanninmu suka bar ta. Aka ba ni ruwan wanka, aka kawo wasa-wasa. Na ɗauka dambu ne, na yi murna, ashe ita ma doya ce ta sake kaya.

Ban ɓoye masa abin da ya kawo ni ba. Ya ce, "Na sani. Ni na ce kada ya rubuta maka."

Na ce, "Alhaji, amana na ba ka."

Ya ce, "Ita na riƙe. Hamidu, kakana da ya zo garin nan ba da rawani ya zo ba. Dako ya yi, ya wanke wa mutane jakai, a nan ya koyi yaren gari da inda ake samun goro mai kyau. Wanda ya je ƙasar wani ya zauna a ɗaki da littafinsa, abin da zai koma da shi littafin ne, kuma da ana iya aika masa shi gida."

Na ce na rantse. Ya ce rantsuwa tana da magani, malamai sun san shi. Na ce ban zo neman magani ba. Ya miƙo mini goro ya canja magana, ya tambaye ni damina. Amma da safe ya sa babbar riga ya ce zai raka mu kasuwa, wai yana son ganin farashin raguna.

Kolokonde ƙauye ne, kasuwar shanunta ta fi shi girma. Mun isa da hantsi. Mushe ya tara ɗalibansa yana nuna musu yadda ake gane shekarun saniya a haƙori, ni kuma na zaga. Can gefe na ga taro. Wani Bafulatani ne sansa ya faɗi farat ɗaya, aka yi maza aka yanka kafin ya mutu, mahautan wurin suka saye shi da araha. Sa ne ƙato, mai kitse. Mata sun jeru da kwanoni, an ce nama zai yi arha yau. Zan faɗi abin da ban faɗa muku a baki ba: ni ma na shiga layin. Kwana huɗu ina cin doya. Na ce in samu tsoka a gasa mini.

Babban mahaucin, wani tsoho gajere mai ido ɗaya, yana wasa wuƙa. Sai ga Mushe ya iso da ɗalibai. Ya dubi san ya ja da baya, ya fara magana da Faransanci da ƙarfi yana ɗaga hannu. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya buɗe littafi yana fassarawa, wai akwai alamun wata cuta mai dogon suna, doka ta hana a taɓa. Tsohon ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ku gaya wa kamarad in rabonsa yake so ya faɗa, za a cire masa cinya." Aka yi dariya. Mushe ya ambaci jandarma. Nan wuri ya ɓaci. Mahauta suka miƙe, mata suka fara zagi, wani ya ce kullum haka ma'aikata suke, su hana talaka su kwashe da dare. Tsohon ya kama ƙafar san ya ɗora wuƙa.

Sai na ga yarona ya ratsa ya durƙusa a gabansa, nesa kaɗan da jinin. Ya gaishe shi irin gaisuwar da suke yi a kwata, ya tambaye shi kasuwa, ya tambaye shi wuƙa. Sannan ya ce, "Baba, tun yaushe aka yanka?"

"Tun rana na can."

"To dubi jinin. Har yanzu gudu yake. Ka taɓa ganin jinin lafiyayyen sa ya kai haka bai daskare ba? Ga shi baƙi kamar kwalta. Dubi hancinsa, dubi bayansa, can ma fita yake, kuma ba wuƙa ce ta taɓa wurin ba."

Tsohon ya duba. Sannan ya bar san ya dubi hannun yaron, duk tabon yanka, farce a gutsure. Ya ce, "Kai ba ɗan lakwal ba ne?"

"Ɗan lakwal ne. Amma da asuba yaron Sarkin Fawa Garba ne, na Paraku."

"Garba mai baƙin tabo?"

"Shi. Ya ce in na ga irin wannan jini kada in buɗe ciki in duba saifa, don dubawar ce take kashewa."

Tsohon ya janye wuƙar, ya mayar da ita kube. Ya juya ga mahautansa ya ce, "Saifa ce. Kowa ya ja baya." Wani matashi ya fara ƙorafin hasara, tsohon ya ce masa, "Rufe mini baki, ba ka san Garba ba." Ya ce wa matan su tafi gida, yau babu nama. Kuma suka tafi, suna gunaguni amma suka tafi. Ni ma na sulale daga layin kafin wani ya gan ni. Alhaji Sidi ya gan ni.

Sauran yinin aiki ne. Aka haƙa rami mai zurfi, aka tura san da sanduna, aka kankare ƙasar da jinin ya taɓa aka zuba, aka ƙone aka binne. Yaron ya sa wanda ya yi yankan ya wanke hannu da sabulu, ya roƙi Mushe a kai shi asibiti da motar. Ya zauna da Bafulatanin a gindin bishiya, da 'yar Fulatancin da ya tsinta a kwata, har mutumin ya yarda ya ware garkensa a zo a yi musu allura. Alhaji ya ce mini Fulanin wurin ba su cika yarda da allurar gwamnati ba.

Ina tsaye tsohon mai ido ɗaya ya zo kusa da ni yana shan ruwa. Bai san ni ba. Ya nuna yaron da haɓa ya ce, "Ka ga wancan? Duk wanda ya haife shi mahauci ne na asali."

Na ce, "Tela ne."

Ya dube ni, ya dubi yaron, ya sake dubana. Ya ce, "To ya iya yanka." Ya tafi.

A hanyar komawa Jugu Mushe ya dage sai na shiga gaba, Alhaji ya zauna tsakaninmu yana fassara. Mushe ya ce takardar da zai ba ɗaliban nan in sun gama iri ɗaya ce, hatimi ɗaya. Amma, in ji shi, yau ni ma na gani da idona, shi da tabaransa da dokarsa bai iya tsayar da wuƙa ɗaya ba. Ya ce malamin duba nama na Paraku ya riga ya rubuta wa yaron shaidar aikin shekara biyu, shi ma zai rubuta abin da ya faru yau, kuma duk ofishin dabbobin da ya ga takardun nan ba zai sa shi a bayan layi ba. Har ya ce in da so samu ne su riƙe shi. Na ce a gaya masa shanu sun fi yawa a ƙasarmu, kuma uwarsa tana jira. Wannan kaɗai na faɗa.

Da safe na je tashar Jugu neman motar Ndali. Sai ga shi da jaka a kafaɗa, da katifarsa a naɗe. Ashe tun daga Paraku ya ɗauro komai a motar makaranta, ban lura ba.

Na ce, "Ina za ka da kaya?"

"Ka ce in tattara, Baba."

"Na ce. Yanzu kuma na ce ka mayar."

Ya tsaya yana dubana. Na ga bakinsa yana motsi, na san in na bar shi zai faɗi abin da zai sa mu duka mu ji kunya a tasha. Na zaro tef daga aljihu na ce, "Tsaya daidai. Ɗaga hannu." Na auna kafaɗa, na auna ƙirji, na auna tsawo. Kafaɗarsa ta ƙaru da yatsa uku a kan awon da nake da shi. Na ce, "Shuɗiyar rigar nan ba ta aiki ba ce, ka lalata mini ɗinki." Ya ce in yi haƙuri. Na ce ya gai da Sarkin Fawa, ya ce masa kilishin ya yi yaji da yawa. Na shiga mota. Alhaji Sidi yana gefe yana cin goro kamar ba shi ya shirya komai ba.

A Malanbil jandarman nan ya gane ni. Ya ce, "Kamarad, ina yaron da ba shi da suna?" Na ce yana aiki.

Kafin in shiga gidana na biya wurin Liman na gaya masa. Ya ce wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Na ce ko majalisarmu za ta wadatar, don ranar da na dawo ku goma cif kuka cinye kilishin nan ba wanda ya tambayi daga wace kwata ya fito. Ya ce a'a, in nemi na gaskiya. Na nema na ciyar. Wannan ya wuce.

Ban ce yaron ya zama wani abu ba. Saura wata huɗu, akwai jarrabawa, kuma aiki na Allah ne. Abin da na gani na faɗa. Ɗan Ladi, saniyarka da take tari tun bazara, in ta kai lokacin, ka zo ka yi gaisuwa da kyau, wataƙila a duba maka.

Masu tambayar farin yadin da ke ƙarƙashin keke kuma, ba likkafani ba ne, ba kuma na sayarwa ba ne. Rigunan aiki ne guda biyu, masu gajeren hannu, da aljihu a dama wanda na sa wa fata a ciki don kada wuƙa ta huda. Na-Allah zai tafi da su ran Alhamis. A cikin wuyan kowace na ɗinka sunan mai ita da baƙin zare, harafi shida, don kada ta ɓace a wurin wanki. Bakina bai faɗa ba. Allura ce ta rubuta.